Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Fastoci da Dattawan Ikkilisiya: Ku Koya Mana Amsa, Kada Ku Tsaya ga Rufe Ƙofa

Iyayena cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da Allah ya danƙa muku amanarsa. Ni ɗanku ne. A gabanku na girma, a hannun ɗaya daga cikinku aka ɗaura mini aure, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi. Ba ni da kujera a majalisar dattawa, ban kuma taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Abin da ya sa na rubuto muku a fili shi ne damuwar da ke cina ba ta ikkilisiya ɗaya ba ce, kuma na faɗe ta a ɓoye sau biyu, aka ce mini za a duba.

Maganar ita ce ta 'yan'uwanmu Kirista na wasu ɗariku da suke zuwa mana da wa'azi, da irin amsar da kuka koya mana mu ba su.

Wata Asabar da yamma mahaifina yana zaune a ƙofar gida da Littafi Mai Tsarki a cinyarsa, wannan tsohon nasa da bangonsa ya rabu har ya ɗinke shi da zare. Sai ga samari biyu da budurwa ɗaya, kowa da 'yar jaka cike da takardun wa'azi, gumi ya jiƙe musu wuyan riga. Suka gaishe shi da ladabi. Wanda ya fi su baki ya durƙusa ya ce, "Baba, in Allah ya karɓi ranka a daren nan, ka san inda za ka?" Baba ya cire tabarau ya dube shi, ya ce, "Na sani, ɗana. Wurin wanda ya mutu domina." Yaron ya ɗan yi jim, domin ba amsar da ya shirya wa ba ce. Sai ya ce, "An yi maka baftisma?" Baba ya ce, "Tun ina jariri a hannun uwata." Yaron ya ce, "To Baba, wannan ai yayyafi ne, ba baftisma ba. Sai an nutsar da kai cikin ruwa bayan ka ba da gaskiya, in ba haka ba har yanzu da saura."

Daga cikin gida nake jin su. Raina ya ɓaci matuƙa. Mutumin da ya kai shekara saba'in da shida yana bin Ubangiji, wanda ya koya mini addu'a tun ban iya ɗaura takalmi ba, shi ne yaron da bai kai jikansa ba zai ce wa da saura? Na fito na ce musu su tashi su ba mu wuri. Na ce musu ɓarayin tumaki. Na ce in wa'azi suke so, ga duniya nan cike da waɗanda ba su taɓa jin sunan Yesu ba. Budurwar ta sunkuyar da kai, suka tattara takardunsu suka tafi, ɗaya ta faɗi ƙasa ba wanda ya tsaya ɗauka.

Baba bai ce komai ba sai da suka sha kwana. Sa'an nan ya mayar da tabaransa ya ce, "Ka kore shi, amma ba ka amsa masa ba."

Da dare 'yata, mai shekara goma sha biyar, wadda ashe tana bayan ƙofa duk abin nan, ta same ni ta ce, "Baba, da gaske ne baftismar Kaka ba ta karɓu ba? To tawa fa?" Na buɗe baki, sai na ga ba ni da abin faɗa sai "haka ikkilisiyarmu take yi." Yaron da na kora ya kawo ayoyi uku da ka. Ni, malamin makarantar Lahadi, ban iya buɗe mata ko ɗaya ba. A daren nan na gane cewa fushina na yamma rabinsa tsoro ne.

Mako biyu bayan haka, da yake sun zagaya gidaje da yawa, aka yi sanarwa daga bagade: kada kowa ya buɗe musu ƙofa, kada a karɓi takardarsu, kada ma a gaishe su. Aka karanta mana 2 Yahaya aya ta 10 a matsayin hujja. Iyayena, da dukkan girmamawa, na koma gida na karanta wasiƙar tun daga farko, ayoyi goma sha uku ne kacal. Aya ta 7 ta faɗi ko su wane ne ake nufi: masu ruɗi waɗanda ba su yarda Yesu Almasihu ya zo cikin jiki ba. Yaran da suka zo gidanmu sun yarda ya zo cikin jiki, ya mutu, ya tashi, zai kuma dawo. Saɓaninmu da su a kan yawan ruwa ne da lokacin shigarsa. In muka ɗauki ayar da aka rubuta a kan magabcin Almasihu muka maka wa ɗan'uwa, mun yi wa Maganar Allah rashin adalci kafin mu yi wa yaron.

Kun fi ni sanin abin da ya faru a Markus 9. Manzo Yahaya ya zo wa Ubangiji da rahoto, yana ganin ya yi abin kirki: sun ga wani yana fitar da aljanu da sunan Yesu, sun hana shi, domin ba ya bin su. Ku lura da dalilin da ya bayar. Bai ce mutumin yana koyar da ƙarya ba, cewa ya yi ba ya cikin ƙungiyarsu. Yesu ya ce kada su hana shi, wanda ba ya gāba da mu namu ne. Aya ta gaba kuwa maganar ƙoƙon ruwan sha ce da aka ba mutum saboda shi na Almasihu ne. Ni ko ruwa ban ba yaran nan ba. Bulus ma yana ɗaure ya sami labarin wasu suna wa'azin Almasihu saboda hassada da neman suna, da nufin su ƙara masa baƙin ciki a kurkuku. Ya rubuta wa Filibiyawa cewa ko da wace manufa ce, Almasihu ake shela, shi kuwa yana murna da haka. Wannan magana tana yi mini nauyi, domin waɗancan da gangan suke neman ɓata masa rai, yaron da na kora kuwa ya ɗauka ceton tsoho yake nema.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Afolos a Ayyukan Manzanni 18. Mutumin Iskandariya ne, mai iya magana, masanin Littattafai, mai zafin himma. Ya zo Afisa yana wa'azi gabagaɗi a majami'a, sai dai iliminsa da giɓi: baftismar Yahaya Mai Baftisma kaɗai ya sani. Wato a kan maganar baftisma ɗin nan dai aka sami tangarɗa, tun a zamanin manzanni. Bilkisu da mijinta Akila, masu sana'ar ɗinkin alfarwa, suna zaune cikin masu sauraro. Ba su katse shi a gaban jama'a ba. Sun bari ya gama, suka ja shi gefe, suka ƙara bayyana masa tafarkin Allah sosai. Da ya tashi tafiya Akaya, 'yan'uwa har wasiƙa suka rubuta a karɓe shi. Wannan Afolos ne Bulus ya ce daga baya, ni na shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya girma.

Abin da nake so ku gani shi ne Bilkisu da Akila ba manzanni ba ne, masu aikin hannu ne kamar yawancinmu. Sun iya jan Afolos gefe ne domin suna da abin da za su faɗa masa. Bulus ya zauna a gidansu a Koranti, suna aiki tare, ya yi shekara ɗaya da wata shida a garin yana koyarwa. An koyar da su har suka ƙoshi, shi ya sa baƙo mai kaifin harshe bai firgita su ba. Mu kuwa an ba mu kwaɗo da mabuɗi, an ce mu kulle.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Akwai masu zuwa da mugun nufi. Akwai waɗanda ba sa zuwa sai sun ji an kwantar da mutum a asibiti, su tsaya a kansa su ce ciwon nan saboda ikkilisiyarsa matacciya ce. Akwai masu yi wa matalauci alkawarin arziki in ya sauya wurin sujada, da masu zuga mace ta raina mijinta domin bai bi ta sabon wurin ba, da masu kwatanta mafi kyawun abin da ke wurinsu da mafi munin abin da ke wurinmu. Wannan ba bishara ba ce, farauta ce, kuma makiyayin da ya gani ya yi shiru ya ci amana. Bulus da kansa ya ce a Romawa 15:20 burinsa shi ne ya yi bishara inda ba a san sunan Almasihu ba, don kada ya yi gini a kan harsashin wani. Manyan ikkilisiyoyin duniya ma sun zauna a kan wannan. 'Yan Katolika da 'yan Fentikos sun fara tattaunawa tun 1972, kuma a 1997 suka fitar da rahoto a kan bambancin da ke tsakanin shelar bishara da janye mabiyan wata ikkilisiya ta hanyar matsi ko yaudara ko ɓatanci. Ba na roƙonku ku daina tsaron garke. Roƙona ku bambance mana kyarkeci da ɗan'uwan da himmarsa ta fi iliminsa, domin sanarwar da aka yi mana ta zuba su a kwando ɗaya.

Tarihi ya nuna mana inda wannan hanya take kaiwa in aka bi ta har ƙarshe. A watan Janairu na 1527, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, hukumar gari ta ɗaure wani mutum mai suna Felix Manz hannu da ƙafa, ta jefa shi cikin kogin Limmat ya nutse. Laifinsa shi ne ya koyar da abin da yaron nan ya faɗa wa mahaifina, cewa sai mutum ya ba da gaskiya za a yi masa baftisma. Waɗanda suka nutsar da shi ba arna ba ne, 'yan gyaran ikkilisiya ne masu yi wa jarirai baftisma, wato a wannan batu mutanenmu ne. A 1569 kuma, a ƙasar Holan, wani mai irin wannan ra'ayi, Dirk Willems, ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan tafkin da sanyi ya daskarar. Mai bin sa ya taka, ƙanƙarar ta fashe da shi, ya fara ihu yana nutsewa. Dirk ya riga ya haye. Ya juyo, ya miƙa hannu ya jawo shi. Nan take aka sake kama Dirk, aka ƙone shi da wuta a wannan shekarar. Duk lokacin da na tuna wannan labari nakan tambayi kaina, a cikin mutanen da ke bakin tafkin nan a ranar, wa ya fi kama da Yesu? Wanda koyarwarsa a kan baftisma ta saɓa wa tawa ne.

Ko manyan da muke tinƙaho da su ba su tsira ba. A 1529 Martin Luta da Zwingli, jagororin gyaran ikkilisiya, suka haɗu a Marburg ta Jamus. Batutuwa goma sha biyar aka shimfiɗa, suka daidaita a kan goma sha huɗu, na ƙarshe kuwa, wato ma'anar gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji, ya raba su, suka tashi baram-baram. Ba a cika shekara ɗari ba Turai ta faɗa yaƙin da aka yi daga 1618 zuwa 1648, wanda rikicin Katolika da Furotesta yana cikin manyan abubuwan da suka hura shi, garuruwa suka zama kufai.

Jikokin waɗannan mutane sun daɗe da fara neman gafarar juna. A watan Disamba na 1965 Fafaroma Bulus na Shida da Athenagoras, shugaban Otodoks na Kustantiniya, suka janye tsinuwar da magabatansu suka yi wa juna tun 1054. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, cocin Katolika da tarayyar 'yan Luta ta duniya suka sa hannu a kan matsaya ɗaya cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah yake karɓarmu, batun da ya tsaga ikkilisiya tun 1517. 'Yan Metodis suka shiga wannan matsaya a 2006. A 2010 kuma, a Stuttgart, 'yan Luta suka nemi gafarar 'yan Menonayit, magadan su Manz da Willems, saboda zaluncin da aka yi wa kakanninsu. Ban ce duk saɓani ya ƙare ba, bai ƙare ba, akwai manyan abubuwa da har yanzu ba a daidaita a kansu ba. Amma me ya sa ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan labarai daga bagadenmu ba? Da kaina na tono su, bayan abin da ya faru. Shugabanni a sama suna rungumar juna, mu a ƙasa ana ce mana kada mu amsa sallama.

Abu na farko da nake roƙo ke nan: ku koya mana auna nauyin magana. Ba kowane saɓani ne nauyinsa ɗaya ba. Akwai ginshiƙan da in aka cire ɗaya ɗakin ya rushe, kuma ba mu ne za mu ƙirƙiro su yau ba. An tsara su a taron Nikiya a 325, aka cika su a Kustantiniya a 381: Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki; Yesu Allah ne na gaskiya wanda ya zama mutum, aka gicciye shi, ya tashi a rana ta uku, zai dawo ya yi shari'a. Katolika da Otodoks da Anglikan da 'yan Luta suna karanta wannan shaidar bangaskiya a sujada, 'yan Baftis da 'yan Fentikos da yawa ba sa karanta ta da baki amma abin da ke cikinta shi suke koyarwa. Littattafai 27 na Sabon Alkawari iri ɗaya ne a hannunmu duka, ko da yake Katolika suna da 73 gaba ɗaya, mu 66. Wanda ya tsaya a kan waɗannan ɗan'uwana ne, ko da ya ce baftismata ba ta yi ba. Shi ne bai gane ni ba tukuna, ni na gane shi.

Akwai kuma masu zuwa da sunan Kirista waɗanda suke cewa Yesu halitta ne, ba Allah ba, irin koyarwar Ariyus da aka ƙi a Nikiya. Da su maganar daban ce, kuma ya kamata yaranmu su iya ganewa cikin tambaya ɗaya ko biyu: wane ne Yesu a wurinku? Ko su ɗin ma ba na ganin zagi ko kora da tsawa ya dace. Bitrus ya ce mu kasance a shirye kullum mu ba da amsa ga duk wanda ya tambayi dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Rabin farko na ayar muke so, rabin na biyu mukan haɗiye.

Sauran batutuwan da ake ta kai ruwa rana a kansu, Littafin ya riga ya ba mu hanya. Wanda ya ce sai ka yi magana da harsuna kafin a san kana da Ruhu, ga 1 Korantiyawa 12:30 tana tambaya ko duka ne suke magana da harsuna. Mu kuma kada mu yi saurin murna, domin 14:39 ta ce kada a hana. Wanda ya zo da maganar Asabar ko Lahadi, ga Romawa 14:5 da Kolosiyawa 2:16.

A kan baftisma kuwa, bari in gaya muku abin da na koma na yi, domin 'yata tana jiran amsa. Na zauna da ita dare uku. Muka fara da ayoyin yaron, domin ban so ta ɗauka ina ɓoye mata wani abu: Markus 16:16, wanda ya ba da gaskiya aka kuma yi masa baftisma, Romawa 6, an binne mu tare da shi, da baban Habasha da Filibus suka gangara cikin ruwa. Na ce mata waɗannan ayoyi ne na gaske, masu riƙe da su ba wawaye ba ne. Sa'an nan muka buɗe namu: Lidiya da mutanen gidanta, mai tsaron kurkukun Filibi da dukan nasa a daren nan, gidan Istifanas, da maganar Bitrus ranar Fentikos cewa alkawarin naku ne da 'ya'yanku. Na nuna mata cewa wani tsohon rubutun koyarwa na ikkilisiyar farko, wanda ake kira Didake, ya ce a yi baftisma a ruwa mai gudu, in kuwa ba a sami isasshen ruwa ba a zuba sau uku a ka. Na gaya mata cewa tun wajen shekara ta 256 Sifiriyan bishop na Kartaj da Istifanus bishop na Roma suka yi jayayya a kan sake yi wa mutum baftisma, daga baya kuma Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, ya tsaya a kan cewa baftisma ta Almasihu ce, ba ta hannun da ya zuba ruwan ba. A dare na uku ta rufe Littafin ta ce, "Ashe mu ma muna da dalili." Iyayena, yarinyar nan an haife ta a ikkilisiya, ba ta taɓa fashin makarantar Lahadi ba, amma sai da baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ta san muna da dalili. Laifina ne a matsayin uba da malami, na ɗauka. Amma ni ma ba a taɓa zaunar da ni an nuna mini ba. Nawa ne cikin wa'azin shekara guda suke kan gini da baiko da bukukuwa, nawa ne kuma suke kan abin da muka gaskata da dalilinsa?

Akwai wata magana da ta fi wannan ɗaci, ku yi mini haƙuri in faɗe ta. Wata baiwar Allah da muka yi shekaru muna sujada tare, tana cikin ƙungiyar mawaƙa, mijinta ya kwanta ciwo wata bakwai kafin ya rasu. A cikin watannin nan an je duba shi daga ikkilisiyarmu sau biyu, ni kaina sau ɗaya na je. Matan wata ɗarika da ke maƙwabtaka da ita kuwa kusan kullum suna gidan. Su suke wanke kayan shimfiɗar majiyyacin, su suke kwana da ita a asibiti, su suka riƙe mata yara. Bayan an yi jana'iza da 'yan watanni ta koma wurinsu. A taron da aka yi maganarta, abin da na ji shi ne "an sace ta." Na same ta daga baya. Ba ta kawo mini aya ko ɗaya ba, ba ta ce koyarwarmu ba daidai ba ce. Cewa ta yi, "Malam, lokacin da nake kuka da tsakar dare, su ne a kusa." Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a nan ma ban ga ƙadangare ba, Basamariye mai jinƙai na misalin Yesu na gani. Yawancin waɗanda na san sun tafi, ba gardamar tauhidi ce ta ɗauke su ba. Wani ya san sunansu ne a can, ya lura ranar da ba su zo ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafarsu ta fi tamu tafiya.

Mu ma fa muna fita. Sau nawa na jagoranci matasanmu zuwa aikin bishara gida gida, muka sami mutum ya ce shi ɗan Katolika ne, maimakon mu gaishe shi a matsayin ɗan'uwa mu yi addu'a tare mu wuce, sai muka gyara zama muka fara yi masa maganar gumaka da Maryamu, ba tare da mun taɓa tambayarsa abin da cocinsa yake koyarwa a zahiri ba? Abin da ya ƙona mini rai a ƙofar gidanmu, na yi wa mahaifin wani. Laifi tudu ne. In za ku koya mana yadda za mu karɓi masu zuwa, ku haɗa da yadda za mu je wa wasu: mu faɗi koyarwar mutum yadda shi da kansa zai ji ya ce haka ne, kafin mu ce ba mu yarda ba.

Ina kuma roƙonku ku taka da ƙafarku ku je wurin fastocinsu. Yawancinku kun san juna, kuna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure. Ku zauna ku yi magana irin ta manya: ga abin da yaranku suka faɗa wa dattijonmu, ga abin da namu suka faɗa wa naku, yaya za mu yi? Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a baki ɗaya suke kwana. John Wesley da George Whitefield, manyan masu shelar bishara na Ingila, sun yi saɓani mai zafi a kan ƙaddarar zaɓe, wato ko Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira, har mabiyansu suka rabu gida biyu, amma da Whitefield ya rasu a 1770, Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, bisa ga abin da marigayin ya nema. Ba wanda ya sauya ra'ayinsa cikinsu.

In kuma wani namu ya yanke shawarar komawa wata ɗarika mai riƙe da Almasihu, don Allah ku daina sa mu mu ɗauke shi kamar ya yi ridda. Ku kira shi, ku saurari dalilinsa har ƙarshe, ku faɗa masa gaskiya in kuna ganin ya yi kuskure, ku yi masa addu'a, ku bar masa ƙofa a buɗe. Na san gidan da uwa da 'ya suka yi shekara biyu ba sa magana saboda wannan, dukansu kuwa kowace safiya suna durƙusawa su ce "Ubanmu wanda ke cikin Sama." Yesu ya yi addu'a a Yahaya 17 mu zama ɗaya domin duniya ta gaskata. Maƙwabtan gidan nan waɗanda ba Kirista ba suna kallo, kuma na san abin da suka gaskata game da mu.

Na nemi yaron nan. Takardar da ta faɗi ranar tana ɗauke da adireshin wurin sujadarsu, Baba ne ya tsince ta ya saka cikin Littafinsa. Na same shi bayan an tashi, na ba shi haƙuri a gaban abokansa. Ya ji kunya ƙwarai, ya ce shi ma fastonsu ya yi masa faɗa a kan yadda ya yi wa dattijo magana. Ya zo gida sau biyu tun daga lokacin. Har yanzu yana kan bakansa cewa nutsarwa ce daidai, Baba kuma yana kan nasa, sukan buɗe Littafi su yi ta fafatawa har duhu ya yi, sa'an nan Baba ya ce masa ya rufe da addu'a. 'Yata takan zauna kusa tana rubuta ayoyin.

Abin da nake nema a wurinku a aikace ba shi da yawa. Ku janye sanarwar nan, ko ku gyara ta. Ku ware mana yamma ɗaya a wata, ɗayanku ya zauna da mu, manya da matasa, mu kawo tambayoyin da ake yi mana a ƙofar gida da wurin aiki, a buɗe Littafi a amsa su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda amsarsu ba ta yi mana daɗi ba. Ajina yana da matasa ashirin da uku, na riga na tattara tambayoyinsu a rubuce, sun kai arba'in. Ranar da kuka sa, za mu zo.

Ɗanku cikin Almasihu,
Wani malamin makarantar Lahadi